Zuciyar Baban Nathan

Kowace Lahadi da safe, Andrawus kafinta yakan turo tsohon mashin ɗinsa daga shago, ya goge kujerar da tsumma, ya tsaya jiran matarsa Magdalene ta gama ɗaurin ɗankwali. Ba ta taɓa gamawa da wuri ba, shi kuma bai taɓa fasa mita ba.

"Maman Nathan, za a tashi sujada kina gaban madubi."

"To ina ruwanka, kai da ba shiga kake yi ba?"

Sai ta fito cikin zanin Zumuntar Mata, ta hau bayansa, ta riƙe shi a kugu. Su tsallake layin dogo, su bi ta gefen kasuwar Kafanchan har ƙofar majami'a. Nan take sauka. Shi kuwa sai ya tura mashin gindin wani mangwaro da ke tsallaken titi, ya zauna har a tashi. Rabin bencinan da ke cikin majami'ar nan shi ya ƙera su. A da, in mawaƙa suka tashi, muryarsa ce ake fara ji daga layin baya. Amma an yi shekaru rabonsa da taka ƙofar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne a unguwa. Andrawus da Magdalene 'ya'yansu mata sun yi aure a nesa, namiji ɗaya Allah ya ba su, Nathan. Sai kuma Dickson, ɗan wata ƙawar Magdalene da ta rasu ta bar shi yana ƙarami, ba uba, ba dangin da suka neme shi. Magdalene ta ɗauko shi da 'yar jakar kayansa. Yaran biyu suka tashi a ɗaki ɗaya, suna ci a kwano ɗaya, Andrawus ya koya musu riƙon zarto da guduma tare, in duka ne ma tare suke sha. Baƙo ba ya gane wane ne ɗan gida.

Wata Asabar suka tafi bikin aboki a Manchok a kan mashin ɗin Dickson. A hanyar dawowa mashin ya kauce ya daki kwalbati. Nathan bai kai asibiti ba. Dickson ya karye a cinya, kuma kafin a yi jana'iza magana ta riga ta zaga gari cewa ya sha burkutu a wurin bikin.

Andrawus da hannunsa ya yi akwatin ɗansa. Bai yarda kowa ya taya shi ba, kuma babu wanda ya ga hawayensa. Ran da aka sallami Dickson ya iso gida yana dogara sanda, sai ya tarar da kayansa cikin buhu a bakin ƙofa.

"Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan," in ji Andrawus. Bai ɗaga murya ba.

Andrawus ya ci gaba da zuwa sujada na ɗan lokaci, har wata Lahadin jibin Ubangiji. Fasto ya tuna wa jama'a cewa duk mai riƙe da wani a zuciya ya fara zuwa ya shirya da shi. Da farantin gurasar jibin ya iso gaban Andrawus sai ya miƙa wa na kusa da shi, ya tashi ya fita. Dattawan ikilisiya sun yi ta zuwa gidansa. Yakan ba su kujera, ya sa a kawo ruwa, ya saurare su har su gama, ya raka su bakin titi ya ce, "Na ji, na gode." Magdalene kaɗai ya taɓa gaya wa abin da ke ciki.

"Ba fushi nake yi da Allah ba. Da fushi ne da sauƙi. Ba na jin komai ne. In na durƙusa, kamar da bango nake magana."

Magdalene dai ba ta yar da Dickson ba. Ya kama ɗaki a can wajen tashar mota, ya samu aiki a wani shagon kujeru, ita kuma duk sadda ta yi faten acca sai ta zuba a kula ta kai masa. Andrawus yana ganin kular tana fita tana dawowa. Bai taɓa tambaya ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

A daminar da wannan labari ya faru, wata rana suna cin tuwon rana a baranda, Magdalene ta ajiye cokalin miya ta ce, "Baban Nathan, Dickson ya samu mata."

Ya ci gaba da cin tuwonsa.

"Sunanta Rosemary. Malamar firamare ce, yarinya mai hankali, na gan ta. Babanta Malam Bartholomew ne na Manchok. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da babu kowa a bayansa ba. Ya ce ya san wanda ya rene shi, shi yake so ya gani."

"Ya nemi wani."

"Wa zai nema? Wa ya saya masa wandon makaranta na fari?"

"Na ce ya nemi wani, Magdalene." In ya kira ta da sunanta, ta san an rufe maganar. Ta kwashe kwanuka tana ƙunƙuni, amma da ta dawo sai da ta ajiye masa ruwan wanke hannu.

Lahadin da ta biyo baya ita ce ranar rufe taron farkaswa. An gayyato wani matashin mai wa'azi daga Jos, an kuma ɗaura lasifika a waje saboda yawan jama'a. Don haka wa'azin ya tsallako titi ya samu Andrawus a inda yake zaune. Mai wa'azin yana da murya, ya kuma san yadda ake tsayawa a bar magana ta shiga. Ya ce akwai mutumin da Ruhu Mai Tsarki ke kira yau, ya ce sai gobe. A kira shi gobe, ya ce sai jibi. Kowane ƙi yana ƙara wa zuciya kauri, har ranar da Allah zai bar shi da taurinsa. Ya ce irin wannan mutum yana tafiya, yana ci, yana gaisawa da mutane, amma an riga an rufe masa ƙofa bai sani ba. "Alamarsa ɗaya ce," in ji shi. "Ba ya jin komai."

Da aka tashi, Magdalene ta samu mijinta tsaye riƙe da mashin. Ba wasan da ya saba yi mata cewa mata sun fi daɗewa a gaisuwa fiye da sujada. A hanya ya wuce kwanar gidansu, sai da ta taɓa masa kafaɗa.

Ran Litinin ya buɗe shago amma bai taɓa katako ba. Wata mata ta zo karɓar teburinta, ya ba ta haƙuri. Da la'asar Magdalene tana tsinke ganyen yakuwa a tsakar gida, ya zo ya jawo turmi ya kifa ya zauna kusa da ita, abin da bai saba yi ba.

"Kin ji abin da yaron nan ya faɗa jiya?"

"Na ji."

"Ni yake nufi."

"Bai san ka ba, Baban Nathan."

"Ba sai ya san ni ba." Ya ɗauki ganye ɗaya yana murzawa. "Ina tambayarki ne. Ashe mutum yana iya wuce inda ceto ke kaiwa tun yana da rai? Don in haka ne, inda Nathan yake ba zan je ba. Ke ma in kin tafi, shi ke nan."

Magdalene ta dube shi. Tun aurensu ba ta taɓa ganin tsoro a fuskarsa kamar na ranar ba, ko a lokutan da gari ya rikice suka kwana da takalma a ƙafa. Ta share hannunta a zani ta kama nasa.

"Ni ba fasto ba ce, ban san amsar ba. Abin da na sani, in na isa na tarar sun rufe maka ƙofa, zan tsaya in yi ta bugawa har su gaji da ni. Ka san halina."

Ya ɗan yi murmushi. "Na sani."

"Gobe ka je Fadan Kagoma wurin Simon. Shi kaɗai ne kake jin maganarsa, don shi kaɗai ne ba ya jin tsoronka."

Simon abokinsa ne tun suna yara, tare suka yi firamare, tare aka yi musu baftisma a rafi. Ya yi aikin fasto a ƙauyuka da yawa kafin ya yi ritaya ya koma gida. Yanzu idanunsa sun yi rauni, hasken rana kaɗai yake bambancewa da inuwa.

Washegari Andrawus ya kama hanya. An yi ruwa da asuba, gonakin citta sun yi kore shar a gefen titi, ramuka sun cika da ruwa har mutum bai san zurfinsu ba sai ya faɗa. Ya samu Simon a baranda da kwanon dafaffiyar gyaɗa a cinya.

"Wannan tarin mashin na san shi," in ji Simon tun kafin a yi sallama. "Andrawus, har yanzu ba ka sayar da wannan gawa ba?"

"Gawar da ta kawo ni wurinka."

"To zauna. Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"Ka zo gaishe ni ne kawai? Lallai duniya ta kusa tashi."

Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka ci gyaɗa. Sai da ɓawo ya taru a ƙasa sannan Andrawus ya kawo maganar. Ya faɗi wa'azin kamar yadda ya ji shi, bai rage komai ba. Ya faɗi zancen auren Dickson. A ƙarshe ya ce, "Kada ka lallashe ni, Simon. In na makara ka gaya mini na makara."

Simon ya juya gyaɗa ɗaya a yatsunsa.

"Yaron bai yi ƙarya duka ba," in ji shi. "Mutum yana iya ƙin Allah, ya yi ta ƙi har ƙin ya zama masa ɗakin kwana. Na ga irinsu. Na zauna a bakin gadon wasunsu suna mutuwa. Amma ka san wani abu? Ko ɗaya a cikinsu bai taɓa hawa mashin a kan wannan mummunar hanya ya zo ya tambaye ni ko ya makara ba. Abin ba ya damunsu. In ka kawo maganar, hamma suke yi. Kai kuwa tun da ka zauna nake jin bencin nan yana rawa."

"Sanyi ne."

"Sanyi, to. Wanda ya hana ka aiki jiya, ya hana ka cin abinci, ya koro ka nan, wa kake tsammani ne? Wanda ya bar mutum ba ya bin sa har shago."

Simon ya ci gaba.

"Zancen ranar da ake rufe ƙofa kuwa, ba ni aka ba makulli ba, ba kuma yaron Jos aka ba ba. Abin da na yi shekaru ina faɗa wa mutane shi ne Yesu bai mutu domin masu laushin zuciya kaɗai ba. Da haka ne, da ni da kai ba mu shiga lissafi ba tun farko. Kana numfashi, ana kiranka. Wannan na sani."

"Ba zan iya yafe masa ba, Simon. Na gwada. Nakan ce a raina na yafe, in na hango shi a kasuwa sai in ji ƙirjina ya koma dutse."

"Ka taɓa tambayarsa abin da ya faru a ranar?"

"Na san abin da ya faru."

"Ka san abin da gari ya faɗa. Ɗanka ya mutu a hannun mutum ɗaya, shi kaɗai ya ga ƙarshensa, kai kuma ka kore shi ba ka tambaye shi komai ba." Simon ya laluba ya dafa gwiwar abokinsa. "In faɗa maka abin da nake gani, ni makaho? Kana tsoron in ka saki Dickson, ka saki Nathan ke nan. Fushin nan shi ne abin da ya rage maka na yaron, shi ya sa kake rungume da shi kamar jariri."

Andrawus ya kau da kai yana kallon kajin da ke tsattsagar ɓawon gyaɗa.

"Kana jira zuciya ta yi laushi sannan ka tafi. Je ka da ita haka, da taurinta. Ƙafa ka ba Allah, ka bar masa sauran aikin. In yi maka addu'a?"

"Yi. Amma kada ka ja ta irin yadda ka saba."

Simon ya ja ta. Andrawus bai ji wata wuta ta sauko ba, bai ji nauyi ya faɗi daga kafaɗarsa ba. Amma da aka kai ƙarshe ya ce amin, da ƙarfi har ya ba kansa mamaki.

Da ya koma gida ya ce wa Magdalene, "Ki gaya wa yaron nan ya sa mutanen Manchok su ba mu rana." Ta buɗe baki za ta yi guɗa, ya ɗaga hannu. "Ban ce na yafe ba. Na ce za ni." Ta haɗiye guɗar, ta shiga kicin, can ya jiyo ta tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Aka sa Asabar. Magdalene da wani dattijon ikilisiya suka riga su tafiya a motar haya da kayan gaisuwa, goro da gishiri da lemo. Dickson ya iso ƙofar gida cikin farar riga da ta sha guga, ya tsaya daga waje bai shigo ba. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu, yana ɗingishi. Ya durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Tashi, za ka ɓata wando." Andrawus ya tayar da mashin. "Hau."

Dickson ya dubi mashin ɗin. "Baba, tun ranar ban sake hawa ba."

"Ni ma tun ranar ban sake bin hanyar Manchok ba. Hau."

Ya hau, ya riƙe ƙarfen baya. Da suka fita gari suka hau babban titi, Andrawus ya ji hannu ya kama gefen rigarsa, kamar yadda yaron yake yi sa'ad da yake kai su makaranta su biyu. Dutsen Kagoro yana gabansu, hazo ya rufe kansa. Suka wuce garin Kagoro. Can sai Andrawus ya ji riƙon ya ƙara ƙarfi, ya gane sun kusa. Ya rage gudu.

"Nan ne?"

"Gaba kaɗan, Baba. Kwalbatin can."

Ya tsaya ya kashe mashin. Wuri ne kamar kowane wuri. Ciyawa ta rufe bakin kwalbatin, ruwa yana gudu a ƙasa, gonar masara tana gefe. Andrawus ya daɗe yana kallo.

"Gaya mini. Kada ka gyara."

Dickson ya sunkuyar da kai. "Na sha, Baba. Ba kaɗan ba. Da za mu taso Nathan ya ce in ba shi makulli shi ya tuƙa. Na hana shi, don 'yan mata suna kallonmu. Ya ce to in tafi a hankali. Ban tafi a hankali ba. Wata mota ta taho, na kauce, ban ga kwalbatin ba. Babu laifin mota, babu laifin hanya. Ni ne."

Andrawus ya zaci in ya ji wannan zai kai masa mari. Hannunsa bai motsa ba.

"Ya sha wuya?"

"Bai daɗe ba. Wani Bafulatani, Sajo, yana kiwo a can, shi ya rugo ya fito da mu. Ya cire rawaninsa ya ɗaure wa Nathan kai, ya tsaya a tsakiyar titi har mota ta tsaya. Na ja jiki na ɗora kan Nathan a cinyata."

"Ya yi magana?"

"Ya ga ƙafata yadda ta juya. Ya ce, 'Dickson, ka ji ciwo?' Na ce a'a. Ya ce, 'Ƙarya kake.' Ya yi kamar zai yi dariya. Shi ke nan, Baba."

Andrawus ya zauna a kan kwalbatin. Muryar Nathan ce sak, haka yake magana. Kukan da ya fito ba irin na manya ba ne, mai ƙara ne, da majina, har wata motar haya ta rage gudu fasinjoji suna leƙe. Dickson ya durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana ta cewa, "Ka yafe mini, Baba, ka yafe mini." Andrawus bai ce ya yafe ba. Ya dai miƙa hannu ya kamo wuyan farar rigar ya jawo shi, ya riƙe kansa a ƙirji, suka yi ta yi tare.

Da abin ya lafa, Andrawus ya fyace hanci ya dube shi sama da ƙasa.

"Dubi wandonka. Haka za ka je gidan surukai?"

Sun isa Manchok a makare. Magdalene tana tsaye a ƙofar gidan Malam Bartholomew tana leƙen hanya. Ta ga jajayen idanun mijinta, ta ga gwiwoyin wandon Dickson sun yi laka, ba ta tambayi komai ba. Ta karɓi ruwa a kofi ta goge wa yaron wando da gefen zaninta, tana yi masa faɗa kamar ɗan firamare.

Malam Bartholomew tsohon malamin makaranta ne, dogo, mai magana a hankali. Bayan addu'a da gaisuwa da gabatar da abin da ya kawo su, ya gyara tabarau ya dubi Andrawus.

"Malam Andrawus, ba zan ɓoye maka ba, mun ji labarin abin da ya shiga tsakaninku. 'Yata ɗaya ce mace. Ina so in ji daga bakinka. Ka tsaya wa wannan yaro?"

Andrawus ya miƙe, ko da yake ba a ce ya miƙe ba.

"Malam, yaron nan ya yi mini ɓarnar da ba ta gyaruwa. Yau ya faɗa mini da bakinsa, bai rage wa kansa laifi ba. Matata ta shaida mini tun ranar bai sake kai giya bakinsa ba, ita kuma ba ta ƙarya, sai dai ta ƙara gishiri." Aka ɗan yi dariya. "Aiki kuwa ya iya, ni na koya masa. Ni ne ubansa. Shekarun nan ban yi aikin uba ba, wannan tsakanina da Allah ne. In ya ɓata wa 'yarka rai, kada ka neme shi, ni za ka nema."

Malam Bartholomew ya gyaɗa kai, ya sa aka kira Rosemary. Ta shigo ta durƙusa, aka tambaye ta ko ta san waɗannan baƙi, ta ce ta sani. Magdalene ta saki guɗar da ta riƙe tun ran Talata.

An ɗaura auren bayan Kirsimeti, Andrawus ya zauna a kujerar uban ango. Abin bai warware a rana ɗaya ba. Akwai safiyar da Dickson zai zo gaisuwa, tsohon ya amsa a taƙaice ya shige shago, sai Rosemary ta ja hannun mijinta ta ce su dawo gobe. Jibin Ubangiji ma bai karɓa ba sai da Ista ta zagayo. Da Simon ya ji labari ya aiko a gaya masa cewa ya yi sauri, shi a lissafinsa shekara biyu ya ba shi.

Wata yamma da zafi ya yi yawa, Andrawus da Magdalene suna zaune a tsakar gida tana yi masa fifita da murfin kwali, ta ce, "Baban Nathan, yaya zuciyar yanzu?"

Ya yi tunani kafin ya amsa. "Ciwo take yi. Wani lokaci ina cikin addu'a sai in tuna yaron, in kasa ƙarasawa."

"To ka tsaya a inda ka kasa, Ubangiji ya san sauran."

"Ke yanzu kin zama fasto ke nan?"

"Zama matar mai taurin kai ya fi karatun fasto wuya." Ta miƙa masa kwalin. "Karɓi, hannuna ya gaji. Saura ni."

Ya karɓa ya shiga yi mata fifita, yana mita cewa kwalin ya yi laushi, gobe zai saya mata mafici na gaske.